Neman suna ga na'urar kiran waya ta kunne mai caji da hasken rana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu malamai da 'yan'uwa maza da mata na wannan zaure.

Wani ɗan'uwanmu da ke gabatar da shirin Hausa a ɗaya daga cikin gidajen rediyon Kumasi ya kawo tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Wane suna zai ba na'urar nan da ake maƙalawa a kunne ko a ɗora a ka, a amsa kira da ita ba tare da an riƙe waya ba, wadda ba ta da igiya, kuma batirinta yake samun caji daga hasken rana? Ya ce duk sa'ad da ya zo kanta a cikin shiri, ko dai ya furta sunan Turanci yadda yake, dattawan da ke sauraro a Aboabo da Asawase su rasa inda aka dosa, ko kuwa ya jero bayani mai tsawon da kafin ya kai ƙarshensa mai sauraro ya manta farkonsa. Ina da ra'ayi, kuma zan ajiye shi tun daga farko domin a san abin da za a yi muhawara a kai: a kira ta "wayar kunne", idan ana son bambancewa a ce "wayar kunne mai caji da hasken rana", a bakin kasuwa kuma "wayar kunne mai sola".

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san cikinsa. Wannan na'ura tana ɗauke da ƙaramar lasifika da ke kai murya cikin kunne, da makirfo da ke ɗaukar maganar mai ita, da batir, da wani ɗan ƙaramin sashe da ke aika saƙo tsakaninta da waya ta iska, sannan da fallen da ke mayar da haske lantarki. Hanyar da take bi ta gana da waya ita ce Bluetooth, fasahar da injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin suka fara aiki a kanta a shekarar 1994, kafin kamfanoni biyar, wato Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba, su haɗu a 1998 su kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojinta. Tana aiki da igiyoyin rediyo masu gajeren zango, shi ya sa yawancin irin waɗannan na'urori ba sa wuce kimanin mita 10 daga wayar, kuma idan bango ya shiga tsakani murya takan fara tsinkewa. A lura da kyau, na'urar ba ta da sim, ba ta kuma kiran kowa da kanta. Waya ce ke yin kiran tana cikin aljihu ko jaka, ita kuwa na'urar tana miƙa magana tana karɓo amsa.

Irin da ake caji da lantarki ta cika shagunan Adum da rumfunan kasuwar Kejetia a Kumasi, ta cika Circle a Akra. Mai amfani da haske ce har yanzu ba ta yawaita a hannun mutane ba, ko da yake ba sabuwa ba ce. Wani kamfanin ƙasar Finlan mai suna Iqua ya fitar da ƙaramar na'urar kunne ɗaya mai fallen sola a bayanta tun wajen 2008. A 2021 kamfanin Urbanista na Suwidin ya fitar da babba mai rufe kunnuwa biyu, aka shimfiɗa fallen a kan maɗaurin da ke ratsa ka, sannan a 2022 ya fitar da ƙanana masu shiga cikin kunne, waɗanda aka sa fallen a jikin gidansu, wato ƙaramin akwatin da ake mayar da su ciki, saboda su kansu ba su da faɗin da zai tari haske. Wannan ne ma ya sa nake ganin yanzu ne lokacin neman suna, tun kayan bai cika kasuwa ba, domin idan sunan aro ya riga ya zauna a baki, tumɓuke shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Kuskuren da aka fi yi wajen irin wannan aiki shi ne ƙoƙarin cusa dukkan siffofin abu cikin sunansa. Sunan Turancin ya tara abu huɗu: cewa a ka ko a kunne ake sa ta, cewa ba ta da igiya, cewa da rana take caji, da kuma cewa ba a riƙe waya. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka fassara, za a sami jimla mai kalmomi sama da goma, wadda ba mai tallan da zai iya kira da ita, ba kuma yaron da za a aika ya sayo ta ya riƙe. Hausa ba haka take yi ba. Takan ɗauki kalma guda da aka sani ta zama uwa, ta rataya mata kalma guda da za ta bambanta ta, sauran bayani kuma a ƙara shi in an buƙata, a bar shi in ba a buƙata ba. Jirgi na ruwa ne tun asali, da sababbin abubuwan hawa suka zo sai aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama. Haka aka yi da wutar lantarki, haka aka yi da tauraron ɗan'adam.

Kalmar "waya" kuwa ta riga ta yi irin wannan tafiya a gaban idonmu. Da farko ƙarfe ne siriri da ake ja. Daga nan ta zama saƙon da ke bi ta cikinsa, aka sami wayar tangaraho da wayar tarho da gidan waya, har mutum ya ce "na buga masa waya". Da aka fara aika saƙo ba tare da ƙarfen ba, iyayenmu ba su ji nauyin cewa "wayar iska" ba. Da salula ta zo aka ce wayar tafi-da-gidanka, aka ce wayar salula, daga bisani baki ya fi karkata ga "wayar hannu" saboda gajartarsa. To idan wadda ake riƙewa a hannu ita ce wayar hannu, wadda ta ɗauke wa hannu aikin ta mayar da shi kunne ai ta zama wayar kunne. Amfanin wannan suna shi ne ya haɗiye ɗaya daga cikin siffofin nan huɗu ba tare da an ambace ta ba: duk wanda ya ji "wayar kunne" kusa da "wayar hannu" ya san an sauke wa hannu nauyi.

Na duba sauran sunayen da ake iya kawowa. "Ɗan kunne" ko "'yar kunne" yana da daɗin faɗa, amma gurbin ya riga ya cika, domin 'yan kunne kayan adon mata ne, kuma duk wanda ya shiga Kejetia yana neman ɗan kunne wajen masu sarƙa da zobe za a nuna masa. "Toshe-kunne" ya dace da tsarin kalmomi irin su amsa-kuwwa da dafa-duka da hana-salla, sai dai toshe kunne a Hausa ƙin jin magana ne, na'urar kuwa don a ji magana aka yi ta. Wani zai so a bi tsarin sunayen kayan aiki irin su mabuɗi da madubi da matsefi, amma "makunni" daga kunnawa ya fito, shi ne abin da ake danna wa fitila, "masaurari" kuma mutum ne mai sauraro. "Na'urar sauraro" ta yi faɗi da yawa, tana iya zama rediyo, tana iya zama abin da likita ke sa wa mai raunin ji.

Wanda ya fi ba ni wahalar ajiyewa shi ne "lasifikar kunne", domin kalmar lasifika ta daɗe da zama tamu, a masallaci da wurin wa'azi da wurin biki. Amma lasifika fitar da murya kawai take yi, ba ta ɗauka. Saboda haka shawarata ita ce kada a jefar da wannan suna, a ba shi nasa gurbin: abin da ake sa wa a kunne don jin karatu ko labarai ko waƙa kaɗai, wanda ba shi da makirfo, shi ne lasifikar kunne, wanda ake ji da shi kuma a yi magana, shi ne wayar kunne. Da haka mun sami sunaye biyu ga abubuwa biyu da matasanmu ke haɗawa su kira "iyafis" gaba ɗaya.

Ba na ƙin aro. Rediyo da talabijin da batir da caja duk aro ne, sun zauna lafiya, babu mai neman korarsu. Ita ma Bluetooth ina ganin a bar ta yadda take, tunda sunan fasaha ce mai rajista, kuma ko a Turanci ba ta bayyana komai game da aikinta: laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10 mai suna Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa, aka ara domin fasahar ma haɗa na'urori take yi. Abin da na ƙi shi ne mu ari kalma alhali muna da kayan gina tamu a hannu, musamman a nan Gana, inda Hausa ta saba bayarwa. Waakye daga wake ya fito, koko da ƙosai da tuwon zafi sun shiga bakin kowa da sunayensu, kalmar kayayei ma rabinta "kaya" ne na Hausa, rabinta na harshen Ga.

Saura batun rashin igiya. In an ce "wayar kunne marar waya" an yi tufka da warwara, mai sauraro zai ruɗe. Maganin wannan a wurina shi ne a bar kalmar "waya" ga kira, a yi amfani da "igiya" ga abin da ke sada na'ura da na'ura, kamar yadda mutane da yawa suke cewa igiyar caja. Sai a sami wayar kunne mai igiya da wayar kunne marar igiya. Tunda kuma marar igiyar ce ke neman rinjaye a kasuwa, nan gaba kaɗan ba za a buƙaci faɗar hakan ba, mai igiyar ce za ta riƙa neman ƙarin bayani.

Inda nake so a fi tsayawa shi ne kan rana, domin a nan ne zaɓen kalma zai iya cutar da mai saye. Fallen sola ba da zafi yake aiki ba, da haske yake aiki. Wani masanin Faransa mai suna Edmond Becquerel ne ya fara lura a 1839 cewa haske na iya haifar da lantarki a jikin wasu sinadarai, sai a 1954 masu bincike a Bell Labs ta Amurka suka fito da fallen silikon na farko mai amfani, wanda ke mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Na yau sukan kai wajen kashi 20. Da tsakar rana in sama ta washe, ƙarfin hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yakan kai kimanin wat 1,000, don haka fallen da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, a ce murabba'in santimita 10, abin da zai bayar bai fi kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya ba, ko da komai ya daidaita. Wannan ba zai cika batirin wayar hannu cikin lokaci mai ma'ana ba, amma wayar kunne ɗan abu kaɗan take ci, shi ya sa dabarar ta yi daidai da ita. Irin fallen da ke jikin na'urorin Urbanista, wanda kamfanin Exeger ke yi da sunan Powerfoyle, har hasken fitilar ɗaki yana iya tara, ko da yake a hankali ƙwarai.

Saboda haka ban yarda da "mai aiki da zafin rana" ba, ko da yake na sha jin ana faɗar haka game da fitilun sola. Ban kuma yarda a riƙa cewa "shanya ta a rana" ba. Shanya a wurinmu ita ce a baza abu a bar shi rana ta gasa shi, kamar yadda ake yi wa barkono da kuɓewa a kan kwano, kuma wanda aka ce wa ya shanya wayar kunnensa zai ɗora ta a kan rufi ko a gaban gilashin mota a rufe ya tafi harkarsa. Batirin litiyam ba ya son zafi. Zafi mai yawa yana rage masa kwana, wani lokaci ya sa ya kumbura. Gara a ce "a ajiye ta inda haske yake" ko "a nuna mata haske". "Sha-rana" ma, da wani zai iya kawowa don gajarta, yana da wannan illa, tunda shan rana wahala ce da ƙuna. "Mai cajin rana" kuma yana iya nufin wadda ake yi wa caji da rana ba da dare ba. Abin da ya rage mai tsabta shi ne "mai caji da hasken rana", kuma na fifita "caji" a kan "aiki" domin na'urar da batir take aiki dare da rana, hasken cika batirin kawai yake yi. A baki kuwa "sola" ta riga ta zauna a zangunanmu tun shekarun dumsor, daga 2012 zuwa wajen 2016, lokacin da ƙarancin ruwa a madatsar Akosombo da ƙarancin iskar gas suka sa ake ɗauke wuta na tsawon sa'o'i, mutane suka koma ga fitilun sola da 'yan allunan cajin waya. Babu dalilin faɗa da kalmar da tsohuwa da jikanta duka suka sani.

Ƙari bayan amsoshin da suka shigo.

Wani malami da ya rubuto daga Sabon Zango ya ce kiran abin "waya" yaudara ce tunda ba ta da sim, wani zai saya yana zaton ya sayi wayar da zai kira da ita. Allah ya gafarta Malam, wannan magana tana da nauyi, ban kuma raina ta ba. Amsata ita ce suna alama ce, ba ta'arifi ba. Wutar lantarki ba ta da harshe ko hayaƙi, tauraron ɗan'adam ba tauraro ba ne, amma ba wanda ya ruɗe, domin amfani da abu shi ke koya wa mutane iyakarsa. Abin da ya wajaba a kan mai gabatar da shiri da mai sayarwa shi ne su faɗa sau ɗaya a fili cewa sai an haɗa ta da wayar hannu take aiki. Kalmar "haɗawa" ma ta ishe mu ga wannan mataki na farko da ake sa na'urorin biyu su san juna.

Hajiya mai ɗinki daga Alabar ta kawo abin da ni ban kawo ba, kuma shi ne ya fi kusa da rayuwarmu. Ta ce mata sun daɗe suna magana a waya hannu sake: a tura wayar cikin hijabi ko ɗankwali ta manne da kunci, ƙafa na kan keken ɗinki, hannu ɗaya na tura yadi, ɗaya na riƙe da almakashi, hira na tafiya. Haka masu babur ke cusa ta cikin hular kwano. Kalmar da ake faɗa ita ce "maƙala", kuma Hajiya ta ce ita za ta ce "na maƙala wayar kunne", ba "na kunna" ba. Na karɓi wannan hannu biyu. Ta kuma yi tambaya mai kyau: idan fallen yana kan maɗaurin ka, mai hijabi ko mai mayafi ta rufe shi, ina hasken zai shiga? Gaskiya ne, Hajiya, ba zai shiga ba, haka ma mai rawani. Ga mafi yawan matanmu irin da fallen ke jikin gidanta ita ce ta dace, a sa na'urar a kunne a ƙarƙashin hijabi, a bar gidan a bakin taga ko a kan teburin shago. Na ce "gida" ga wannan ƙaramin akwati da ake mayar da su ciki, kamar yadda ake cewa gidan tabarau da gidan ashana.

Daga maganarta ne kuma na sami abin da zan ce game da siffa ta huɗu, wato rashin riƙe waya. Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar "sakin hannu", amma mai sakin hannu a Hausa mai kyauta ne. "Hannu sake", yadda Hajiya ta faɗa, ba shi da wannan matsala, kuma yana shiga jimla cikin sauƙi: yana waya hannu sake, ta amsa kira hannu sake. A rubutu na hukuma ana iya cewa "kira ba tare da riƙe waya ba". Sai dai ina roƙon ɗan'uwanmu na rediyo, in ya zo kan direbobin trotro, wato ƙananan motocin haya, da masu pragya, wato keke mai ƙafa uku, kada ya bar kalmar ta zama lasisi. Dokar hanya ta Gana ta 2012, wato L.I. 2180, ta hana amfani da waya a hannu yayin tuƙi, amma ko hannu yana sake hankali yana iya tafiya wurin wanda ake magana da shi, kuma wanda ya rufe kunnuwansa biyu a cunkoson Kejetia ba zai ji hon ɗin da ake yi masa ba. Mai kunne ɗaya ta fi dacewa da wanda ke kan titi.

Wani matashi daga Nima ya ce su a can "wayan kunne" za su ce, ba "wayar kunne" ba. Haka ne, Hausar zangunan Gana ba ta cika rarrabe namiji da mace a nahawu ba, a Kumasi ma haka muke faɗa a hira, kuma wannan ba ya taɓa sunan da komai. A rubutu da labaran rediyo ina ganin a riƙe "wayar", domin ɗan Kano da ɗan Yamai da ɗan Tamale su karanta abu guda. Jam'inta "wayoyin kunne". Wadda ake ɗorawa a ka mai rufe kunnuwa biyu, wasu sun so a ba ta suna dabam, "wayar ka", amma ina jin "babbar wayar kunne" ta wadatar, domin ko ita ma kunne take nema, kai mazauni ne kawai.

Abin da nake roƙo yanzu shi ne gwaji, tunda zaure ba ya zartar da suna sai kasuwa ta sa hannu. A Kano ma ba wani kwamitin harshe ne ya zauna ya ce a kira keke mai ƙafa uku A Daidaita Sahu ba, mutane ne suka ɗauko sunan daga shirin gwamnatin jihar suka liƙa masa. Duk wanda hanya ta bi da shi Adum ko Kejetia ko Circle, ya tsaya wurin ɗan zango mai sayar da kayan waya ya ce masa, ba tare da nuni ko ƙarin bayani ba, "ina son wayar kunne marar igiya". Ya lura da abin da zai miƙo masa, ya kuma tambaye shi ko ya taɓa ganin mai sola, sannan ya dawo nan ya ba mu labari, tare da faɗar unguwa da kimanin shekarun mai shagon.